Dogon Ƙwai a Kan Murjani

Boɗinga.

Zuwa ga Yaya Lirwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya zafin Jidda? Mu nan lahiya lau. Na san in na kira ka za ka ce layi ba kyau, shi ya sa na rubuta na ɗauki hoto na turo.

Ran kasuwa surukinka Baba Na'Allah ya hawo mashin tun daga Shagari ya iske ni wurin kajina. Ko tabarma bai yarda ya zauna ba. Ya ce, "Zayyanu, ɗiyata Bahijja ba ta zama bazawara ba, ba ta zama matar aure ba. Shekara biyar ke nan. Yayanka yana aiko da abinci, na sani, amma ba buhun gero na aura mata ba. In anka ga watan azumi bai iso ba, ni da kaina zan kai ta gaban alƙali a raba."

Yaya, tsohon nan ba wasa yake ba. Mi ke riƙe da kai can?

Ƙanenka,
Zayyanu.

Jidda.

Zayyanu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka. Ina gaishe ka da iyali, ka kuma gaishe min da Baba Na'Allah da kyau, gaisuwar ɗa. Ban ga laifinsa ba. Da ɗiyata Ilham ce aka ajiye haka, da ban kai shekara biyar ina haƙuri ba.

Ka tambayi abin da ke riƙe da ni. Kada ka yi dariya. Tankin gilashi ne na ruwan gishiri, tsawonsa ya kai gadon albasa, a falon maigidana. Akwai kifaye a ciki, amma su ba su da rigima. Rigimar ta murjani ce. Murjanin nan da mata ke sawa a wuya, ashe dabba ce mai rai, tana da rassa kamar geza, kuma da haske take ci. Ni da na baro gonar ubana a Kajiji don fari ya kore ni, ga ni nan ina noma a cikin ruwa.

Tankin na ɗansa ne da ya rasu a haɗarin mota. Tsohon ba mugu ba ne, bai taɓa riƙe min haƙƙi ba. Amma wanda ya kula da tankin kafin ni ya tafi ganin gida bai dawo ba, rabin murjanin ya mutu. Tun daga nan fasfo ɗina yake cikin akwatinsa. Da na kai masa maganar Bahijja, sai ya nuna rassan ƙasa da suka koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ranar da launin nan ya dawo yadda ɗana ya bar shi, ni zan kai ka filin jirgi."

Fitilun da ke kai ƙanana ne, na zamani, LED suke ce musu. Suna da ƙarfi amma kamar tocila suke, inda suka nufa nan kawai suke haskawa, rassan sama su yi wa na ƙasa inuwa. Mai shagon kifin da muke sayayya ya ce in ƙara dogon ƙwan lantarki guda biyu, irin na ajin makaranta amma mai shuɗi, ɗaya gaba ɗaya baya, don shi haskensa bazuwa yake yi ya shiga ko'ina. Na ɗaura su jiya. Sai dai ya ce in rataye su can sama, in kunna kaɗan a yini, in riƙa ƙarawa sannu a hankali. Na ce, har yaushe? Ya ce wata biyar, wata shida. Azumi kuma saura wata biyu.

Ka ga inda nake.

Yayanka,
Lirwanu.

Boɗinga.

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan ka tashi lahiya. Wallahi na yi dariya, ka yahe mani. Mutum da matarshi da ɗiyarshi, ciyawar ruwa ta ɗaure shi!

Amma saurara. Mai shagon nan yana da mata a Shagari? Shi mi ya dame shi da azumi? Ka ce abin nan da haske yake ci. To ni ɗiyan tsakina, in ina son su kai kasuwa kafin Sallah, ƙwai nake kunna musu dare da rana, in sauko da shi dab da kansu. Ba su barci, ci kawai suke yi, kafin ka ce kwabo sun zama kaji. Dabba ai dabba ta. Sauko da dogon ƙwan, bar shi kunne. Abin da zai ci a wata shida ya cinye shi a wata guda.

Na je Shagari na gaya wa Bahijja kana bisa hanya. Da na tashi tahiya ta tambaye ni ko har yanzu lamba arba'in da biyu kake sawa a takalmi.

Sai ka zo.
Zayyanu.

Jidda.

Zayyanu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shiruna, ban san ta inda zan fara ba ne.

Na yi yadda ka ce. Na sauko da su har suna kusan taɓa ruwa, na cire na'urar da ke kashe hasken da yamma. Kada ka ɗora wa kanka. Kai kaji ka sani, ka ba ni abin da kake da shi. Ni aka gaya wa gaskiya a shago da kunnena, na kuma zaɓi taka don ita ce ta yi daidai da abin da nake so.

Makon farko sai ka ce aljanna. Ruwan ya yi shuɗi, inuwa ta ɓace, rassan sun yi wani haske mai ɗaukar ido. Tsohon ya kira matarsa ta zo ta gani. Har na je kasuwar Balad na sayo wa Ilham jakar makaranta. Ashe ba launi ne ke dawowa ba, kodewa suke yi. Aka fara daga kan rassan sama. Kafin in ankara fari ya sauko har gindi, fat, kamar ƙashin da ya shekara a rana. Na kashe ƙwan, na canza ruwa, na yi duk abin da na sani. Wasu naman jikinsu ya riƙa saɓulewa yana yawo a ruwa.

Na so ya zage ni, da na fi jin sauƙi. Ya jawo kujera ya zauna gaban gilashin, ya ce, "Wannan na tsakiya shi ɗana ya fara dasawa, yana ɗan sakandare." Shi ke nan abin da ya ce.

Mai shago ya zo ya duba. Ya ce kashi ɗaya cikin uku zai iya rayuwa, in an mayar da ƙwan sama an fara daga farko. Shekara, ko fiye. Ban sake tayar da maganar fasfo ba. Da wane baki? Ko ya miƙo min shi yau, ni na kashe wa mutum abin da ɗansa ya bari.

Ga saƙona, ka kai Shagari da kanka, ka karanta wa Bahijja a gaban Baba. Ba zan iso kafin azumi ba, ba kuma zan ƙara yi mata alkawarin wata rana ba, na yi da yawa. Amma ba na son ta tsaya gaban alƙali mutanen gari na leƙe ta taga. In tana son takardarta, ta faɗa, in rubuto da hannuna. In ba ta so, ta san abin da take jira, ni ban sani ba.

Jakar Ilham zan ba masu dawowa daga Umara.

Allah ya sada mu da alheri.
Lirwanu.

Shagari.

Baban Ilham,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya gajiya. Zayyanu ya karanta mana, yana karatu yana kuka har Baba ya ce ya fita ya wanke fuska.

An ga wata jiya. Na gode da ba ka bari an kai ni kotu ba.

Ka rubuto. Amma saki ɗaya za ka rubuta, kada ka wuce ɗaya. A ɗakina zan yi idda, na gaya wa Baba, kuma bai hana ba. In ta cika ba ka zo ba, sai in kwashe kayana.

Allah ya ba ka lafiya, ya karɓi ibada.

Bahijja.