Kwalbar da Ta Daskare

Liman Abaji, Keffi.

Yayata Nasiha,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Yaya mutanen Gitata? Mu dai sai godiya. Baban Hamdiya ya sa mana sola, yanzu firjina ba ya hutawa. Har yaji da daddawa na cusa a ciki, yana ta tsokanata wai saura tabarma.

Ga kuka da kuɓewa na ba direba. Man zaitun da na yi miki alkawari na shafa gwiwa kuwa, ki gode wa Allah da bai iso ki ba! Kwalba biyu na saya, taki da tawa, a wurin Chidimma, ƙawata mai shago a bakin kasuwa, wadda ta yi jinyata a haihuwar Hamdiya. Shekaranjiya na ɗauko su na tarar man ya daskare, fari-fari da gudaji kamar kitsen miyar jiya.

Kin san ni, ba na barin ta kwana. Na figi mayafi na hau acaɓa, ina isa na rotsa kwalba ɗaya a gaban shagon, kowa ya ga gudajin da idonsa. Tana ta tambayata inda na ajiye shi, ko sauraronta ban yi ba. Wani a cikin taron ya ce wa ya sani ma ko kitsen alade ne. Da na dawo na yi saƙon murya na watsa wa matan Islamiyyarmu. Ke ma zan tura miki, ki gargaɗi naku.

Ki gaida Baffa da yara.

Ƙanwarki,
Zulaihatu.

*

Yayata Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya ƙarfin jiki? Kin yi ta kirana ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, wallahi kunya ce, bakina ba zai iya faɗar wannan a waya ba.

Hadarin da aka yi ta yi a makon jiya ya hana batirin sola cika, firji ya mutu. Ɗaya kwalbar dama na bar ta a ciki don ta zame min shaida. Da na zo kwashe kaya, sai ga man garau, kore shar, ƙamshinsa kamar ranar da na saye shi. Rana ta dawo na mayar da shi, ya sake daskarewa. Na fito da shi na ajiye a kan tebur, ina zaune ina kallo ya narke. Yaya, ashe halinsa ke nan idan ya ji sanyi! Babu abin da aka haɗa masa.

Abin da ya fi cin raina, tun ranar saye Chidimma ta faɗa min yadda ake ajiye shi. Ta ce in sa shi a kabad, inda rana ba ta kaiwa, nesa da zafin murhu, in riƙa rufe murfin da kyau, kuma kada a jibge shi ya daɗe har ya yi wari irin na tsohuwar gyaɗa. Na ce to, amma a raina na ce wannan dabarar marasa sola ce. Wayyo ni Zulai, ɗan firjin nan ne ya kumbura min kai.

Yanzu kuwa shagon nata wayam. Ba man zaitun kaɗai ba, ko gishiri mata sun daina saya a wurinta. An ce matan unguwar Yara har tsallaka titi suke yi don kada su bi ta gabansa. Maganar aladen nan ba ni na fara ta ba, amma na sake saurarar muryata, na ji ni da bakina ina cewa Allah kaɗai ya san kitsen wace dabba ce. Matar da ta san ba na cin abin da ba yankan Musulmi ba, har tukunya dabam ta ware min a gidanta!

Baban Hamdiya bai yi min faɗa ba, ya dai ce magana zarar bunu ce, ya fita masallaci. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Zulaihatu.

*

Yayata Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji shawararki ta in aika wa Chidimma da atamfa in yi shiru. Ki gafarce ni, ban bi ba. A bainar jama'a na tozarta ta, atamfa a leda ba za ta rufe wannan ba.

Da kasuwa ta cika na sa daskararriyar kwalbar a kular ƙanƙara na je. Na tsaya daidai inda na fasa waccan, na ɗaga ta sama, na ce jama'a su zo su ga ƙaryata. Ina riƙe da ita har ta narke a hannuna, gumi da hawaye sun haɗe min. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Yaya, ranar zagi kasuwa ce ta taru, ranar gaskiya kuwa 'yan tsiraru ne suka tsaya, wasu ma dariya suke yi. Sabon saƙon da na tura, yawancin matan ko buɗe shi ba su yi ba.

Shi ya sa nake roƙonki, don Allah, ki karanta wa matan Islamiyyarku wasiƙun nan duka, kada ki tsallake komai don rufa min asiri. Ta hannunki muryata ta shiga Gitata, kuma da yawansu wurin Chidimma suke sarin kaya.

Chidimma tana bakin shagonta tana kallona. Da ta ga ina layi kamar zan faɗi, ta turo min kujera ta kawo ruwa. Na nemi gafara, ta ce ya wuce. Ta naɗe sabuwar kwalba a takarda ta ce in aiko miki, ta hana ni buɗe jaka. Ga ta nan a hannun direba. Ki sa ta a kabad, ki rufe da kyau.

Sai dai tun daga asibiti Maman Hamdiya take ce min, har mutanen layin suka ɗauka. Ranar nan da na juya zan tafi, Madam ta ce min, wai in sauka lafiya.

Ki gaida Baffa.

Ƙanwarki mai jin kunya,
Zulaihatu.