Ɓarawon da Ba a Haifa Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta saki kuwa? Ni lafiya lau, kada ki biye wa hoton nan da na turo, fitilar ofis ce ta ramar da ni.

Kin yi fushi ba na ɗaga waya. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. A bakin ƙofa ake karɓe wayoyinmu a kulle, ɗakin aikin kuma ko taga babu.

Kin ce in yi miki bayanin aikin da Hausa. Katin shaida muke yi na cikin waya, wanda zai nuna wa mai gadi kina da izinin shiga ba tare da ya san sunanki ba. To ana ƙera wata irin kwamfuta, ana ce mata kwantam, wadda in ta kammalu za ta ɓalle makullin katin ta tona asirin kowa. Sabon makullin da muka haɗa ya yi wa waya nauyi, oga ya ce a sake daga farko.

Izinin zamana a ƙasar nan kuwa da aikin aka ɗaure shi. In na taho kafin a gama, ba komawa. Ni mai ɓoye sunan mutane, kullum sai na nuna fuska da yatsa kafin ƙofa ta buɗe mini!

Ki turo mini muryar Inna, ko da faɗa take yi. In ta tambayi ranar zuwana, ki ce gadi nake yi, ɓarawon kuma ba a ma haife shi ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Autarku