Faɗa-wutan da ke Cikin Lemon Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan kowa ƙalau, sai ciwon gwiwar Baba da kika sani, da kuma wata damuwa da ta sa na ɗauki alƙalami.

Na san ke ma, kamar ɗalibaina, a wurinki faɗa-wuta duk ɗaya ne, ɗan ƙwaro mai ruwan toka da ke zagaye fitila. To, ba haka ba ne. Akwai iri biyu da ko malamin gona bai iya raba su da ido: ɗaya namu ne na gida, ɓarnarsa kaɗan, ɗayan baƙo ne, in ya shiga gari sai ya gama da lambuna. An samu tsutsa a lemon Baba, kuma hukuma ta ce in ta baƙon ce, za a sare itatuwan duka, har na bakin rijiya da Inna ta dasa kafin rasuwarta.

Malamin gonar yankinmu ya bar tsutsar ta zama ƙwaro, ya ciri ƙafa ɗaya ya kai ɗakin gwaji. Can ake karanta wani ɗan yanki na ƙwayar halittarsa, wato DNA, wanda kowane iri ke da nasa tsarin, sannan a gwada da na waɗanda aka riga aka tantance. Da na yi wa Baba bayani, sai ya ce shi a rigimar haihuwa kaɗai ya san ana wannan gwaji, ko ƙwaron ma ubansa ne ya ƙi shi. Mun yi dariya, amma dariyar ba ta je ciki ba.

Sakamako ya fito, bai raba gardama ba. Matar da ke gwajin ta ce na lemon Baba ya yi kusa da baƙon, amma bai zauna daidai ba, kuma na gida ba wanda ya taɓa karanta nasa balle a gwada. Hukuma kuwa ba ta jiran kokwanto, har an shafa wa itatuwan jan fenti, alamar sara. Auta, kullum ina koya wa yara wannan ilimi a allo, yau ga shi a gidanmu, na rasa abin yi. Baba kuwa ban-ruwa kawai yake yi kamar bai ji ba.

Abu ɗaya ya rage. Matar ta ce in ta samu ƙwari daga wurin da baƙon bai kai ba, kamar wajenku, za ta samu abin gwadawa, tunda na can duk na gida ne. Ba ta yi alkawarin za a jira ta ba.

Ki gaishe da maigidan, da surukarki, da 'yan biyu. Ki sa yaran su tsinto lemon da ya faɗo mai ɗan ramin tsutsa, ku saka a kwalba da ƙasa kaɗan, ku ɗaure bakin da ƙyalle. Duk abin da ya fito da fiffike, ku jefa shi a sifirit na wanke ciwo don kada ya ruɓe, ku aiko. Don Allah ku fara yau, tun itatuwan suna tsaye.

Taki har kullum,
Yayarki