Bangon Ɗakin Baba

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Mahaifinmu yana Argungu, ya tsufa, idonsa ya tafi. Ɗakin da yake kwana shi ya gina da hannunsa tun muna cikin jihar Sakkwato, ya yi masa yaɓe mai zane irin na da, ya manna ƙananan farantai a jikin bangon. Ranar da ake yaɓen, Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta dafa bangon yana ɗanye, sawun tafinta ya fito kusa da ƙofa, Baba ya hana a shafe. Tun da ya daina gani, da zanen nan yake lalubo hanyarsa, kuma kullum da safe sai ya ɗora hannunsa a kan sawun kafin ya fita.

Watan jiya na kawo shi wurina Gwadangaji ganin likita. Ashe yayana, wanda sana'arsa ke nan adon gidaje a Birnin Kebbi, ya kwashi ma'aikatansa da janareto da injin harba ƙusa, suka rufe bangon kaf da allunan roba masu sheƙi, wai zai yi wa Baba bazata. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, kuma ɗakin ya yi kyau.

Da muka koma, Baba ya miƙa hannu ya ji santsi, ya shafa sama ya shafa ƙasa, sai ya ce, “Ɗiyata, ina kika kawo ni? Wanga ba ɗakina ba ne.” Tun ranar a zaure yake kwana, abinci ma sai na lallaɓa shi.

Na yi wa Yaya magana ya hau faɗa, wai an raina ƙoƙarinsa, wai ni ke zuga tsoho. Daga baya da ya huce ya zo ya ɓalle allo ɗaya muka leƙa. Ƙusoshin sun farfasa yaɓen, farantan sun tsattsage, wurin sawun Inna kuwa rami ne, ƙasar ta zube. Yaya ya zauna nan ƙasa yana kuka kamar yaro, ya roƙe ni kar in faɗa wa Baba.

Shi kuma Baba ya ɗauka komai na nan lafiya a bayan robar. Kullum tambayarsa yaushe za a cire, ni kuma ina cewa ma'aikata ba su samu lokaci ba. Wani magini ya ce zai iya sake zanen, in ɗora nawa hannun a madadin na Inna, wai Baba ba zai gane ba. Ni na san zai gane.

In faɗa masa gaskiya ne ko in bar shi yana jira? Jiya ya ce in gaya wa Yaya ya yafe masa, su dai cire a hankali. Me zan ce masa, jama'a?