Ku Bar Mana Rumfunan Zana na Bobiel

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantun Yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan kuna lafiya da iyali. Ni tela ne a kasuwar Lazaret. Na san zamanin kaki ne, mutum yakan tauna magana kafin ya fito da ita. To, ranka ya daɗe, na tauna, ga ta.

Na ɗaya. Da fari ya koro mutanen karkara zuwa Yamai, babbar lise, wato makarantar sakandare, ta cika maƙil. Ƴata Ramatu tana can ƙarshen aji, jikin bango. Ba mushe, wato malami, ko ɗaya da ya san sunanta, sai dai su ce mai jan kallabi. Kowace jarrabawa ta faɗi. Har ta fara roƙona in koya mata keken ɗinki, wai kanta ba na karatu ba ne. Wallahi abin ya ci mini rai.

Na biyu. Da wurin zama ya ƙare, aka yanko ajinsu da wasu kaɗan aka kai unguwar Bobiel, cikin rumfunan zana. Awaki ma leƙowa suke su ɗauki darasi! Amma a can ne Mushe Idi, malamin lissafi, ya lura yarinyar tana ƙanƙance ido duk lokacin da ta kalli allo. Ashe ba ta gani daga nesa! Duk shekarun nan rubutun maƙwabciyarta take kwafa, har da kurakuran. Ya dawo da ita gaba, ya tako har shagona ya ce a kai ta likita. Yau tana da tabarau, kuma awon da na yi ma sai ta gyara mini, marar kunya.

Na uku. A can malamai da yara kwano ɗaya suke cin kwaɗon zogale. In yaro bai zo ba, kafin azahar an aiko gidansu. Da rufi ya yage, buhunan jar dawar taimako na haɗa na ɗinka, iyaye suka ɗaura.

Yanzu an sanar da mu wai an gama sabon gini a babbar lise, bayan hutu za a mayar da su. Tun da Ramatu ta ji, ta koma zagaya kekena. Ni kam tsoro nake ji.

Roƙona, ranka ya daɗe: ku bar yaran nan tare da malamansu. In dole sai sun koma, a ware musu sashensu, da Mushe Idi da abokan aikinsa, kada a sake zuba su cikin taro. Ginin mun gode. Amma tabarau allo kaɗai yake nuna mata. Malamin da zai gan ta nake roƙo.

Allah ya ƙara girma, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Mahaifin Ramatu, tela a Lazaret