Sa Hannun Yaya Saleh a Hoton Jirgi

Mayo Gwoi, Jalingo
9 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Ismail,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sumayya da yara. Yaya zafin Jidda da fama da aiki? Allah Ya ƙara juriya, Ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta zauna sosai, ruwan Mayo Gwoi ya cika har ya kusa taɓa gada, masarar bayan gida kuma ta yi goyo. Mahaifiyarmu Dada tana nan da sauƙi, hannun dama ne dai har yanzu yake rawa, ko kofin shayi sai an riƙe mata. Adda Jummai takan zo daga unguwar Majidaɗi duk Juma'a, ta yi mana faɗan da ta saba, ta ci tuwo ta koma.

Na san za ka ce me ya hana ni kira a waya. Ka san kunnen Dada, ba ta jin sallama amma tana jin raɗa daga ƙarshen tsakar gida. Ban da haka, maganar nan ko a bakina ba na son jin ta. Shi ya sa na rubuta, na ba Alhaji Usaini maƙwabcinmu da zai zo umara ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar hoton nan ce da ka karɓo a Kaduna lokacin hutunka, wanda ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgi ta buga don tunawa da tashin ban kwana na jirgin yaƙin da aka ajiye, irin wanda Yaya Saleh yake tuƙawa. Baba Maishanu, tsohon makanikensu da ka ba saƙon, ya kawo shi ranar Alhamis ta makon jiya, cikin firam ɗinsa, an manne bayansa da takarda ruf. Hoton ya yi kyau ƙwarai, jirgin ya karkata fiffike ɗaya a saman gajimare. A ƙasa an jera sunayen matuƙa, kowa ya sa hannu da fensir a saman sunansa, gefe guda kuma an rubuta lamba arba'in da shida cikin ɗari biyu. Ban tsaya karantawa ba, na goge gilashin na rataye shi a ɗakin Yaya Saleh. Gaskiya na yi haka ne don kada Dada ta gani, domin lokacin da ka zaɓa ka aiko shi bai yi mini daɗi ba.

Kai ma ka san halin da ake ciki. Shekara tara ke nan da Yaya Saleh ya tashi da jirgi da safe bai dawo ba, ba a ga jirgi ba, ba a ga gawa ba. Alƙali ya daɗe da yanke hukuncin cewa ya rasu, matarsa Hamna ta yi takaba ta gama, amma Dada ta hana a yi masa sadaka a gidan nan, ta ce ba a yi wa matafiyi. Hamna kuwa ta rantse ba za ta fita daga gidan mijinta ba sai Dada ta sallame ta da bakinta. Da ƙyar kawunta ya shawo kanta aka sa ranar aurenta da Malam Suhail, malamin makarantar nan ta unguwar Sarkin Dawaki, mutum mai haƙuri, shekara biyu yana jira. Saura mako biyu, Dada ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hamna ta gaya mini idan ranar ta zo Dada ba ta yi magana ba, to an fasa. Ita kuwa ƙuruciyarta ta ƙare a ɗakin nan tana goge takalman mutumin da ba ya nan.

Ranar Asabar da hantsi Hamna ta shiga shara. Na ji tsintsiya ta yi shiru, shirun ya yi yawa, sai na bi ta. Na same ta tsaye gaban hoton, hannunta a baki. Kafin in ga komai, wari ne ya fara tarye ni, warin man jirgi, mai kama da kananzir, wanda kayan aikinsa suke yi idan ya dawo hutu. Rabonmu da kananzir a gidan nan tun da ka saya mana gas. Ta nuna mini da yatsa. A ƙarshen layi akwai sunansa da aka buga da boko, a samansa kuma an sa hannu da fensir, da ajami. Yaya, hannunsa ne. Ka tuna yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe ta zagayo ƙarƙashin sunan gaba ɗaya? Haka yake, ba ragi. A wurin aiki da boko yake sa hannu, ajamin nan a wasiƙun Dada kaɗai yake yin sa, don shi take iya karantawa. Kuma da rana ne fa, kaji suna kuka a waje.

Na sa mayafi na tafi Majidaɗi wurin Baba Maishanu, tunda shi ma ya karɓi nasa. Ya ɗauko muka duba. Wurin Yaya Saleh fari fat. Ya ce haka aka tsara, waɗanda suka rasu ko suka ɓace an buga sunayensu an bar samansu fili, kuma yana wurin aka yi sa hannun, mutum goma sha huɗu ne a bakin tebur ɗaya. Ya biyo ni gida, ya sa tabarau ya ƙirga namu sau uku, sha biyar. Ya juya bayan firam ɗin, mannen yana nan, ba a taɓa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dai makanike ne, abin da ya sani ƙarfe, ya sa hularsa ya fita ko ruwa bai sha ba.

Na zargi kowa, Allah Ya yafe mini. Na zargi Dada, tunda ita ta koya masa ajamin, amma hannun da ba ya riƙe kofi ina zai ja wannan wutsiya? Na zarge ka kai ma, don kai ka kai aka sa firam. Sai na tuna yadda kake zillewa makarantar allo ka tafi kamun kifi, har yau sunanka ma da ajami kamar kaza ta taka tawada. Amma na san wasiƙunsa biyu suna hannunka, kuma mai haƙuri zai iya kwaikwaya. Hamna ta kwana biyu ba ta cin abinci, ta ce in yana raye a wani wuri fa? Na tabbata a raina auren ya rushe, domin Dada na gani za ta ce ga shaida, matafiyi ya aiko.

Ranar Litinin bayan la'asar Dada ta ce in kawo mata abin da muke ɓoyewa. Na ɗauko na kawo mata. Ta sa na ɗora mata a cinya, ta tambayi wannan hoton na mene ne. Na ce na tashin ƙarshe ne, jirgin ya yi ban kwana, ba zai sake tashi ba, waɗanda suka tuƙa shi suka sa hannu. Ta bi layin da yatsa har ƙarshe, ta tsaya. Ka san kunyar ɗan fari irin ta Dada, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce wancan, ko mai jirgi, ko da ranar da sojoji suka zo da labari. Yaya, sai na ji ta karanta a fili, a hankali, ta ce Saleh. Ta sake faɗa. Sannan ta ce ashe da shi aka yi ban kwanan, kuma yaron nan bai taɓa barin gida bai sallame ta ba sai sau ɗaya, ga shi ya biya. Ta ce a jiƙa gero, a kira malamai ranar Alhamis, Saleh ya rasu. Ta sa aka kira Hamna, ta riƙe hannunta ta ce ta je ta yi aurenta, ta yafe mata duniya da lahira. Mu uku muka yi kukan da ya kamata mu yi shekara tara da suka wuce.

Jiya aka yi sadakar, gida ya cika. Ɗaurin aure yana nan ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci. Hoton yana ɗakin Dada yanzu, sama da gadonta, warin kuma ya ɗauke tun ranar Litinin ɗin. Ni dai har yau idan na shiga kai mata shayi, ƙasa nake kallo.

Ka gaida Sumayya da kyau, ka shafa mini kan Ashraf da Mufida. Dada tana sa muku albarka, Adda Jummai da Hamna suna gaisuwa, Baba Maishanu ma ya ce in gaishe ka. Roƙona ɗaya ne, Yaya. Idan kai ka rubuta, kada ka gaya mini sai an kai Hamna ɗakinta. Idan kuma ba kai ba ne, ka amsa mini gaisuwa kawai, kada ka taɓa tayar da maganar.

Taka ƙanwa,
Ikilima