Jahazin Baban Kombo a Kan Siminti

Pemba, 4 ga Mayu

Yaya Mwanajuma,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Tanga, yaya ciwon gwiwar nan taki? Mu lafiya, sai abin kunya.

Maigidana Baban Kombo ya sayar wa sabon gidan tarihin nan na bakin teku jahazinsa, jirgin ruwan nan mai filafilai. Jirgin da ya yi shekaru yana kai kanumfari har Mombasa yau yana zaune kan siminti, fanka na kaɗa masa filafilai. Shi kuma an ɗauke shi aiki: a naɗa masa rawanin da bai taɓa sawa ba, ya riƙe sitiyari yana washe baki ana ɗaukarsa hoto. Shugaban gidan, wani mai takalmi sau-ciki da ke amai ko a jirgin fito, shi ke koya masa yadda matuƙi ke tsayuwa! Kusa da shi sun kafa 'yar hasumiyar fitila ta kwali, ko kaza ba za ta nuna wa hanya ba.

Na ce, "Baban Kombo, yau wace ƙasa kuka je, ko wuta aka ɗauke?"

Na san dalilin da ya sa ya sayar. Tun da teku ta cinye mana ɗanmu Faki ya rantse ba za ta ga Kombo ba. Wai in babu jirgi, yaron zai haƙura. Ɗan kifi ake hana wa ruwa? Kombo ya daina cin abinci tare da shi.

Ki gaida yara. Ƙanwarki,
Zuhura

Pemba, 19 ga Yuni

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Ni dai ba na barci.

Kombo ya shiga aikin jirgin wani Shaame, ruɓaɓɓen kwalekwalen inji da ake toshe ɓarakarsa da tsumma. Sun ɗauki gawayi zuwa wajenku ranar Asabar, iskar kudu ta taso, har yau shiru. Duk mai jirgi a garin nan ya fita nema, amma ƙananan ba sa iya nisa.

Baban Kombo ya ruga gidan tarihin ba rawani, ya durƙusa wa mai sau-cikin nan, ya ce a ara masa jahazinsa, jirgin nan kaɗai zai iya wannan iska. Mutumin ya ce, "Haba baba, kayan tarihi ne fa." Da masunta suka taru suka ce ko da tsiya sai sun tura shi ruwa, sai suka tsaya cirko-cirko. Ashe sai da aka shigar da jirgin aka gina bango. Ƙofar ko gado da ƙyar take ɗauka.

Tun jiya Baban Kombo yana can da guduma yana dukan bangon, babu wanda ya iya hana shi. Na raina mijin nan nawa fiye da wata guda, yau ni ke kai masa ruwa.

Don Allah ki je bakin ruwa ki tambaya. Kombo yana sanye da jar riga.

Taki,
Zuhura